Wane tsuntsu ne ke kuka a bishiyar mangwaronmu da dare?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san daji da tsuntsaye. Tun da bazarar nan ta kama, akwai wani abu da ke kuka a bishiyar mangwaron da ke bayan katangarmu, a nan Samarun Zariya. Bayan an idar da isha'i yake farawa, wata rana har a yi assalatu bai daina ba. Kuka ɗaya ne yake ta nanatawa, kwin, kwin, kwin, siriri mai ƙara, kamar ana ƙwanƙwasa ɗan ƙaramin ƙarfe. Na haska da tocila, ganye kawai nake gani. Uwargida ta ce mujiya ce, ta hana yara kwana a tsakar gida duk da zafin nan. Ni kuwa kukan mujiyar da na sani ba haka yake ba. Wa ya taɓa jin irinsa?

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare mu da sharrin abin da ke cikin dare. Ni ina bayan uwargidanka. A garinmu in ta sauka kan gida tana kuka, gishiri ake watsawa a wuta, wasu su ƙona barkono har ta tashi.

DanBirni99:
Yallaɓai ka fara duba mitar wutar maƙwabta tukun. In kati ya kusa ƙarewa haka take damun mutane duk dare.

Abban_Sadiq:
DanBirni99, ai ko unguwa ta yi duhu ɗif yana yi. Kuma daga can ƙololuwar bishiya yake fitowa, sai dai in maƙwabcin nawa a reshe ya kafa mitarsa.

Baba_Maharbi:
Ɗana, mujiya ba iri ɗaya ba ce, shi ne abin da mutanen gari ba su sani ba. Akwai farar nan mai faffaɗar fuska da ke shiga silin da hasumiyar masallaci da tsohon rumbu. Ita ba ta "huu huu" ko kaɗan. Ihu take ja mai kaushi, shiiiiik, tana cikin tafiya a sama, in ba ka saba ba sai tsikar jikinka ta tashi. Akwai duji, babba mai tukkaye biyu a ka, shi ne mai murya ƙasa-ƙasa, huu-hu, ya yi shiru, can ya sake. Gindin duwatsu da manyan kukoki ya fi so. Sannan akwai ƙananan da muke kira ƙururu. Cikinsu akwai wanda in ya lafe a jikin itace ba ka rabe shi da ɓawo, ko da rana tsaka, balle da tocila. Kukansa ɗaya tak, krrup, ya dakata, krrup. Ni abin da ka faɗa ya fi yi mini kama da wannan.

Dalibar_Halitta:
Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara lafiya. Wanda ya ambata a ƙarshe shi ne masana ke rubutawa Otus senegalensis, tsawonsa bai kai santimita 20 ba. Amma kafin a yanke hukunci, Abban Sadiq, ina da tambayoyi. Daren yau ka riƙe agogo ka ƙirga sau nawa yake yi a minti ɗaya. Wannan ƙaramar mujiyar tana barin kamar daƙiƙa 5 zuwa 8 tsakanin kuka da kuka, ba ta gaggawa, kuma akwai ɗan karkarwa a muryar. Sai kuma ka lura, daga wuri ɗaya yake yi ko yana sauya reshe? Da safe kuma ka duba gindin bishiyar da jikin katangar. Ka ga tattaunannen mangwaro ko ƙwallayen darbejiya da aka tsotse aka yar? Ko kuwa wasu dunƙule-dunƙule masu gashi da ƙananan ƙasusuwa, irin waɗanda mujiya ke amayarwa?

Abban_Sadiq:
To, Malama, yau zan ƙirga in sha Allahu. Gindin bishiya kam kullum yara sai sun share guntayen mangwaro, amma na ɗauka aikin tsuntsayen rana ne.

Almajirin_Zaure:
Kafin a yi nisa, ina so in ja hankalin 'yar'uwa Ummu Khairat cikin girmamawa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira, Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsu, ya kuma kore "hama", wato camfin mujiya. Malamai sun bayyana cewa Larabawan jahiliyya in mujiya ta sauka kan gidan mutum sai ya ce ta zo yi masa sanarwar mutuwarsa ko ta wani nasa. Wato irin abin da muke yi yau, an riga an yi shi, an kuma hana. Wanda ya ji tsoro ya yi azkar ɗinsa na dare ya kwanta. Gishirin nan a bar shi a miya.

Ummu_Khairat:
Allah gafarta Malam, ban ja da hadisi ba. Amma ni da idona na ga ɗan maƙwabciyarmu, daren da tsuntsu ya yi kuka a kan ɗakinsu, kafin asuba yaro ya sandare yana jijjiga. Kowa a unguwa bugun tsuntsu ya ce. Me za a kira wannan?

Nas_Hadiza:
Anti Ummu, wannan na gani ba adadi a wurin aiki. Abin da ake kira bugun tsuntsu, mafi yawa zazzaɓi ne ya yi zafi ya hau kan yaro, musamman daga wata 6 zuwa shekara 5. Maleriya ce kan gaba, sannan a irin wannan lokaci na zafi da ƙura akwai sanƙarau. Tsuntsun yana kukansa jiya da shekaranjiya, ba wanda ya kula, sai daren da aka kwana ido biyu a kan mara lafiya aka ji shi. Don Allah iyaye, in yaro ya fara jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kar a tura masa cokali a baki, kar a ɗura masa komai, kar a turara shi da hayaƙi. A sassauta masa kaya a nufi asibiti. Lokacin da ake ɓatawa wajen neman mai maganin tsuntsu shi ke cin yara.

Ummu_Khairat:
To, Allah ya sa mu dace. Yaron dai ya rayu, yanzu har ya shiga sakandare.

Sarkin_Ruwan_Nguru:
Ku mutanen birni tsuntsu ɗaya ya hana ku barci. Ku zo nan fadamar Haɗeja da Nguru ku kwana ɗaya lokacin da ruwa ya cika, ku ji yadda dare ke magana. Kirinjijiya kaɗai ta isa. Garke guda za su wuce ta kanka cikin duhu, ba ka ganinsu, sai fito sau uku-uku, swi-swi-swiu, suna tafiya gonakin shinkafa kiwo. Manomi in ya ji wannan ya san gobe akwai ɓarna. Ga zakaran ƙeƙuwa, shi kuma ko kare ne ya gifta ta bakin ruwa sai ya tashi da ƙara ya tona masa asiri. Mu in muna kwana a jirgi da shi muke gane akwai mai tahowa ta tudu. Da can har gauraka muna ji da dare daga nesa, yanzu sai a yi shekara ban ji ba.

Dalibar_Halitta:
Gaskiya ne Sarkin Ruwa, gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, ga shi kuwa ita ake kira tsuntsuwar ƙasa. Kuma daga wajen Satumba zuwa Oktoba kuna samun baƙi daga Turai, agwagwin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tabki, da yawansu da dare suke tafiya su ƙetare Sahara. Wani kukan da mutum zai ji ya wuce sama sau ɗaya bai sake ji ba, na matafiya ne. Amma na Abban Sadiq mazauni ne, tunda kullum yana wuri ɗaya.

Direban_Dare:
Ni dai tsuntsun dare da na sani shi ne yautai. Hanyar Birnin Gwari da ta Ningi, lokacin da ana bin su da dare hankali kwance, sai ka hango wasu idanu jajaye biyu a tsakiyar titi. Sai ka zo dab da shi ya tashi fir, ya sake sauka gaba. Muna yara an hana mu binsa, wai janka zai yi ta yi har ka ɓace a daji.

Baba_Maharbi:
Ba ƙarya aka faɗa muku ba, sai dai ba mugunta ba ce. Yautai ba ya sheƙa, a ƙasa tsirara yake ajiye ƙwai ɗaya ko biyu cikin busasshen ganye. In ka matso kusa sai ya yi kamar fiffikensa ya karye, ya ja ka nesa da ƙwan. Yaro kuma yana ganin saura kaɗan ya kama, haka zai yi ta bi har ya rasa hanyar gida.

Yar_Funtua:
Baba, shi ne mai fukafukai huɗu? Na taɓa ganin wani da magariba a gonar kakanmu, yana tashi wasu ƙananan abubuwa biyu na binsa a baya. Kakata ta ce in rufe ido in yi a'uziyya.

Dalibar_Halitta:
Yar Funtua, kin yi sa'ar gani, mutane na biyan kuɗin jirgi daga Turai don wannan. Fukafukansa biyu ne kamar kowa. Namijin wani irin yautai ne, lokacin neman mace gashi ɗaya ke fitowa a kowane fiffike, dogon tsinke wanda ya fi jikinsa tsawo, da faffaɗan baki a ƙarshe. Cikin duhun magariba ba ka ganin tsinken, sai bakin kawai, shi ya sa ake zaton wasu tsuntsaye ne ke rakiyarsa. In lokacin ya wuce gashin ya zube. Kukansa siriri ne sosai, tsi-tsi-tsi-tsi, da yawa gyare suke ɗauka. Ɗan'uwansa mai dogon bindi kuwa turrrrrr yake ja ba numfashi, minti da minti, har masu noman rani kan zaci wani ne ya tada injin ban ruwa can nesa. Duk sun fi kuka in akwai farin wata, don da ido suke farautar ƙwari a sama. Amma yautai ba ya zama cikin duhuwar mangwaro, don haka a cire shi daga lissafin Abban Sadiq.

Sadauki_ICT:
Jama'a an daɗe da wuce zamanin hasashe. Ka sauke manhajar gane tsuntsaye ta Merlin Bird ID ko BirdNET a wayarka, ka kunna, ka miƙa ta wajen bishiyar, za ta rubuto maka sunansa. Jami'ar Cornell ta Amurka ce ke bayansu, kyauta ne.

Dalibar_Halitta:
Suna da amfani, amma kar a ba su amana duka. Da kukan tsuntsayen Amurka da Turai aka fi horar da su, namu na Afirka ta Yamma da yawa ba su ƙware a kai ba, alhali a Najeriya kaɗai akwai iri sama da 900. Sai ta kawo maka sunan tsuntsun da bai taɓa taka nahiyar nan ba. Kuma in mai kukan ba tsuntsu ba ne fa? Abin da ya fi shi ne shafin xeno-canto, inda mutane ke ɗora kukan da suka naɗa. Ka rubuta sunan wanda kake zargi, ka saurara, ka gwada da naka.

Sadauki_ICT:
"In ba tsuntsu ba ne" kuma? Malama kar ki dawo mana da maganar Ummu Khairat ta bayan gida.

Alhassan_Zango_Kumasi:
Ni na gane inda ta dosa. Jemage ne! Mu nan Gana ba wanda zai yi wannan tambaya. A Kumasi wajen gidan zu, da Ankara wajen asibitin sojoji na 37, bishiyoyi baƙi ƙirin suke da su. Amma waɗancan manya ne masu hayaniya da faɗa. Akwai wasu matsakaita da ke zuwa bishiyar gida ɗaya-ɗaya, su ne masu wannan kwin kwin ɗin. Bayan ɗakina akwai, har na saba, in bai yi ba sai in ji daren bai cika ba.

DanBirni99:
Haba Alhaji, jemage ai tsuwwa yake yi. Yaushe ya koyi waƙa?

Abban_Sadiq:
Barkanmu da safiya. Na yi aikin da aka ba ni. Ba ya jira daƙiƙa biyar ko kaɗan, kusan kowace daƙiƙa sai ya yi, na ƙirga hamsin da wani abu a minti. Wani abin da na lura, yana cikin yi a natse sai ya hau sauri, kwinkwinkwinkwin, sai ya yi tsit, can ya dawo yadda ya fara. Wuri ɗaya yake. A jikin katanga kuma akwai wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da ban taɓa kula da su ba, da ƙwallayen darbejiya, alhali darbejiyar tana can ƙofar gida. Gashi da ƙashi ban gani ba.

Dalibar_Halitta:
To ni na karkata ga maganar Alhaji Alhassan. Akwai jemagen 'ya'yan itace da ake kira Epomophorus gambianus, yana ko'ina a yankinmu inda akwai mangwaro, darbejiya, ɓaure da gwaba. Namijin yana da wasu aljihuna a kafaɗu masu farin gashi a ciki. Da dare sai ya sami reshe ya rataya, ya buɗe farin gashin, yana kaɗa fiffike yana wannan kira don mata su zo. In mace ta matso sai ya ƙara sauri, wato daidai abin da ka ji. Ƙwallayen kuma ɗabi'arsu ce, su tsinko ɗan itace a wata bishiya su kawo inda suka saba rataya, su tsotse ruwan su tofar da tuƙar. Da ka haska kana neman abin da ke zaune kan reshe ne. Yau ka nemi abin da ke rataye a ƙarƙashinsa.

Baba_Maharbi:
'Yata, karatunki na da kyau, amma ban sallama ba tukun. Na kwana daji fiye da yadda na kwana ɗaki. Ƙururu ma in su biyu ne, miji na yi mata na amsawa, sai ka ji kamar ɗaya ne ke sauri. Kuma guntun mangwaro a gindin mangwaro ba shaida ba ce, kowa na ci. Ga yadda za a raba gardama ba da na'ura ba. Da hantsi ya tsaya ya saurari ƙananan tsuntsaye. In akwai mujiya a bishiyar, ba za su bar ta ta huta ba, za su taru a reshe ɗaya suna ta tsiya suna kai mata sura. Ba banza ake cewa wane ya zama mujiya a cikin jama'a ba. In ya bi hayaniyar zai gan ta a lafe.

Dalibar_Halitta:
Wannan dabara ta Baba ko masu bincike da ita suke aiki. Na yarda a gwada duka biyun.

Manomi_Gaya:
Ba wanda ya kawo maganar kwaɗo. Akwai ƙananan kwaɗin da ke hawa ganye, kukansu ƙarfe-ƙarfe ne shi ma.

Sarkin_Ruwan_Nguru:
Kwaɗo a bazara, ruwa bai sauka ba? Sai dai in Abban Sadiq na da tabki a bayan gida bai faɗa mana ba. Ka bari sai an yi ruwan shuka, sannan ka kawo wannan.

Hedimasta_Mai_Ritaya:
Tunda an taɓo farar mujiya bari in ba da nawa. Wata makarantar kwana da na riƙe, ɗalibai mata suka tada hankali wai akwai aljani a silin ɗin ɗakin kwanansu, yana huci yana minshari duk dare. Har iyaye sun fara zuwa ɗaukar 'ya'yansu. Na sa aka kafa tsani, ni da mai gadi muka leƙa da fitila. 'Ya'yan mujiya ne guda biyar a jere, farare sol da gashin jarirai, wani ya fi wani girma don ba rana ɗaya ake ƙyanƙyashe su ba, suna ta layi da kai suna mana huci. Kewaye da su duk dunƙulen aman nan ne da Malama ta ambata. Malamin kimiyyarmu ya kwashe su ya jiƙa a ruwa a gaban 'yan aji, aka yi ta zaro kawunan ɓeraye ƙanana da haƙoransu. Hucin da ake ji yunwa ce, uwa suke kira ta kawo abinci. Na hana a taɓa su. Wata biyu da 'yan kwanaki suka yi fiffike suka tashi, sannan muka toshe ramin. Mai kula da sito shi ya fi kowa baƙin cikin tafiyarsu.

Nas_Hadiza:
Ranka ya daɗe ka yi daidai. Ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana cikin abin da farar mujiya ta fi ci. Ban ce ita ce rigakafi ba, rufe abinci da tsafta su ne gaba, amma mai rage maka ɓera kyauta bai cancanci jifa ba.

Manomi_Gaya:
Kuma maganin ɓeran nan da ake barbaɗawa yana kashe su. Ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, ita ta ɗauke shi a sauƙaƙe, gobe a tsince ta a mace. Ga masu kamawa su kai kasuwar 'yan magani. Yadda aka ƙarar da ungulu haka ake son a yi mata.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa tunda masana na kusa. Nan Maraɗi wajen gulbi, in dare ya raba musamman da farin wata, akwai wanda ke fara fito a hankali, pi-pi-pi-pi, ya yi ta hawa yana ƙara ƙarfi, sannan ya sauko ya mutu a hankali. In ɗaya ya fara sai sauran su kama. A ƙasa suke, ba bisa icce ba. Mi ne ne shi?

Sarkin_Ruwan_Nguru:
Malam Issoufou, wannan namu ne na bakin ruwa. Launin yashi gare shi, dogayen ƙafafu masu kaurin gwiwa, da manyan idanu rawaya. Da rana yana tsaye a inuwa kamar mai jin barci, ba ka ce yana da murya ba. In ka je da hantsi ka duba ƙarƙashin kaba ko kan tsibirin yashi za ka gan su biyu-biyu.

Dalibar_Halitta:
Na yarda da Sarkin Ruwa, a nemi Burhinus senegalensis a saurara. Amma da ka ce daga bishiya ne da na ce wata ƙaramar mujiya ce mai ɗigon fari, wadda ke da tabo biyu baƙaƙe a ƙeya kamar idanu. Ita ma fitonta hawa yake yi, sai ta ƙare da dogon fiiu, fiiu. Shi ya sa wurin da kuka ke fitowa rabin amsa ne.

Issoufou_Maradi:
Madalla, na gode. Gobe in Allah ya kai mu sai in bi gulbin in gani.

Yar_Funtua:
Ni kuma wanda ke ba ni tsoro shi ne mai tu-tu-tu-tu-tu yana gangarowa, wajen asuba.

Baba_Maharbi:
Ragon maza ne, 'yata. Jan fiffike, baƙin kai, dogon bindi, yana rarrafe cikin ciyawa ya ƙi tashi. Ba abin tsoro a jikinsa sai lalaci.

Abban_Sadiq:
Jama'a sabuwa ta taso. Ashe bishiyar ta maƙwabcina ce ta gado, kuma maganar ta kai kunnen iyalinsa. Yanzu ya ce zai kira masu inji su sare ta, wai ba zai zauna da abin da ba a san ko mene ne ba.

Hedimasta_Mai_Ritaya:
Subhanallahi. Mangwaron da ya shekara nawa yana ba da inuwa da 'ya'ya? Ka je ka same shi da kanka, ka tafi da wani dattijo, kar ka aika yaro.

Almajirin_Zaure:
In ya sare kuma abin ya koma darbejiyar ƙofar gida, ita ma sarewa za a yi? Sai an ƙarar da itatuwan unguwa? Ka ce masa kukan kurciya ma jawabi ne, mai hankali ke ganewa, ba gatari ake ɗauko mata ba.

DanBirni99:
Ni dai in jemage ne ina bayan maƙwabci. Ba su ne ake cewa suna ɗauke da cututtuka ba?

Nas_Hadiza:
Ana samun ƙwayoyin cuta a jikin wasu jemagu, gaskiya ne. Abin kiyayewa shi ne kar a kama su da hannu, kar a ci, kar yara su tsinci mangwaron da aka gatsa su sha, a kuma wanke wanda aka tsinko. Wanda ke rataye can sama yana kiran matarsa bai taɓa kowa ba.

Dalibar_Halitta:
Kuma su ne ke yaɗa irin itatuwa, su ke barbarar furen kuka da na ɗorawa da dare. Mai son miyar kuka da daddawa ya yi musu adalci. Abban Sadiq, ka roƙi maƙwabci ya ba da mako ɗaya. Ka naɗo mana kukan: ka bari sai an kawo wuta janaretoci sun yi shiru, ko can wajen ƙarfe biyu, ka matsa gindin bishiyar, ka riƙe wayar ba motsi kamar minti ɗaya, a ƙarshe ka faɗi rana da lokaci da wuri da bakinka. Ka turo shi a matsayin fayil, don saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti. Zan kai wa waɗanda na sani cikin masu zagayen ƙirgar tsuntsaye na ƙasa, aikin da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum a Jos ke jagoranta tun 2015. Roƙo ɗaya, in ka sauko da kukan mujiya daga intanet kar ka yi ta kunna mata a gindin bishiya. Takan ɗauka kishiya ce ta shigo mata, ta bar farauta ta zo faɗa.

Abban_Sadiq:
Ga shi na ɗora. Ku yi haƙuri da haushin kare da ke ciki. Da hantsi na tsaya kamar yadda Baba ya ce, ban ga taron tsuntsaye ba. Da dare kuma na haska ƙarƙashin rassa, wani abu ya tashi fat-fat-fat ya bar wurin, ban ga ko mene ne ba, kuma kukan ya tsaya kusan rabin awa.

Alhassan_Zango_Kumasi:
Na saurara. Wallahi irin na bayan ɗakina ne sak. Kuma tunda ka ji ƙarar fiffike an gama, mujiya ba a jin tashinta.

Baba_Maharbi:
Maganar fiffike gaskiya ce, gashinta laushi gare shi, ko ta kanka ta wuce sai dai ka ji iska. Na ba ku na kusa ɗin. Amma ku sa abin a kunne ku saurara da kyau wajen daƙiƙa ta arba'in, bayan karen ya yi shiru. Akwai wani can baya, nesa kaɗan, krrup, ya daɗe, krrup. Wannan ba jemage ba ne. Ɗana, wace bishiya ce a gabas da gidanku?

Sadauki_ICT:
Na saka shi a manhaja, ta ce wani tsuntsun Amurka ta Kudu ne. Na janye.

Dalibar_Halitta:
Baba kunnenka ya fi nawa, sai da na sa abin kunne na ji. Akwai shi, amma ya yi nisa, ba zan rantse ba, don wani gyaren ma kan yi haka. Abban Sadiq, in da hali ka sake naɗowa daga wancan ɓangaren.

Abban_Sadiq:
Gabas da mu akwai wata tsohuwar tsamiya a bayan makarantar allo. Sai dai in na fita ƙarfe biyun dare ina miƙa waya sama a bayan gidan mutane, 'yan sintiri ba za su tsaya jin bayanin Otus ba. Zan yi wa shugabansu magana mu tafi tare. Maƙwabci ya ce ya ba da zuwa Juma'a, uwargida kuma ta ce ko jemage ne ko mujiya, yara a ɗaki za su kwana.

Ummu_Khairat:
Ta yi daidai. Ko ba komai akwai sauro.

Manomi_Gaya:
Ni fa har yanzu ban cire kwaɗo a na bayan nan ba. Makarantar allo ai ba ta rasa wurin alwala.